Ranar da Aka Kaɗa Taken Babana a Gaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma akwai wani yammaci a garin Gaya da ba zai fita daga raina ba har a mayar da ni ƙasa. Abin ya faru ne bayan babban farin nan da ya cinye mana gyaɗa da dabbobi, lokacin da naira take sabuwa, tsofaffi suna ta mayar da ita fam da sule kafin su yarda da ciniki. Ni a lokacin mai gyaran keke ne. Gidanmu yana Gafasa, rumfata kuma tana bakin kasuwar Ajingi.

Rumfar nan ta fi kama da majalisa fiye da wurin sana'a, kuma rediyona ce ta jawo. Mutum zai kawo keke a yi masa faci, a gama tun hantsi, amma sai azahar ta tashe shi. A shekarar da nake ba ku labari, hira ɗaya ce ta cinye mana bazara: wani shahararren mawaƙi da faifansa ya cika ƙasar nan ya fito da sabon salo. Ya daina zama a ƙofar gidan mai kuɗi yana yabo. Ya haɗa jama'a masu yawa, makaɗa da 'yan amshi da 'yan wasan kwaikwayo, yana hawa dandamali a buɗe labule, ya yi waƙa ana nuna abin da waƙar take faɗa. Da wannan wasa ya zaga Ikko da Ankara ta Gana da Kartum, har Landan, sannan ya dawo ya ce sai ya kai shi garuruwan gida.

Masu sharhi suka yi masa ca. A rediyo aka tara masana suna ta musu, wasu na cewa ya ɗaga darajar kiɗanmu a idon duniya, wasu na cewa ya sayar da shi ga Turawa. Jarida ma haka. Wani malamin firamare da ke zama a rumfata shi yake karanta mana, kuma shi ɗan gaba-dai-gaba-dai ne na mawaƙin, duk inda aka yabe shi sai ya maimaita layin. Abokin hamayyar malamin wani tela ne maƙwabcina, wanda bai taɓa ganin wasan ba amma ya fi kowa sanin aibinsa. A cewarsa, mawaƙin da zai canza riga sau da yawa a zama ɗaya ya san muryarsa ta ƙare ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an ce ba a yarda kowa ya matso ya yi liƙi ba, ba a kuma ambaton sunan kowa, sai dai a zauna a kujera a yi tafi kamar 'yan makaranta. Wani marubucin jarida ya ƙara masa ƙarfi da ya rubuta cewa akwai wurin da ake nuna noma a wasan, kuma manoman ba su da rai, garemaninsu ma na katako ne da aka shafa wa fenti. Tela ya riƙe wannan magana ya yi ta yawo da ita a kasuwa.

Ni ina jinsu ne kawai ina ɗaure sarƙa, domin abin da ke raina ya fi gardamarsu nauyi. Mahaifina ne yake ƙarewa a gabanmu muna kallo.

Wanda bai san Baba da ƙuruciyarsa ba zai ɗauka ƙari nake yi. A yankinmu, idan aka kira gayya, wato aka tara samari su taya wani noma, shi ake sawa a gaba. Yana da makaɗinsa, wani mai gangar noma ɗan Kademi, abokinsa tun suna samari. Shi ya yi masa take, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, kamar sunan yanka. A al'adarmu take ba abin wasa ba ne. Ba a kaɗa shi sai mai shi yana wurin, kuma idan aka kaɗa, mai shi ba ya zama. Dole ya miƙe, ya yi kirari, ya kama aiki, ko da tuwo ne a hannunsa. Ina yaro na sha ganin Baba yana tsuma idan gangar nan ta kira shi, jikinsa na rawa, ya ɗauki kunya ya kai ta bakin iyaka sauran samari suna tsakiyar gona.

Sai fari ya zo. Shuka ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Shanun huɗarmu suka mutu, rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Makaɗin Baba ya ɗauki gangarsa ya tafi Kano neman abin da zai ci, bai dawo ba, daga baya muka ji ya rasu a can. Ranar da labarin ya iso, Baba ya shiga zaure ya zauna a kan buzu, ya ce shi da garma sai a lahira. Muka ɗauka zafin rashi ne zai wuce. Bai wuce ba. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina hira, masallaci ma sai an kama hannunsa. Abinci sai Inna ta yi ta lallashi ya ci loma biyu.

A gidanmu ba a fara shuka sai Baba ya ɗauki sungumi ya sari ramin farko da bisimilla. Haka muka taso muka gani. Daminar da ta gabata mun jira shi har maƙwabta suka gama, da muka ga za mu yi asara sai ni da ƙannena muka shuka ba shi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da muka dawo na durƙusa na gaya masa, ko ɗaga kai bai yi ba. Ga shi wata daminar ta ƙarato, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, Baba kuwa ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Inna ta kira ni ɗaki ta ce tana tsoron mutumin nan ba zai ga kaka ba, in daure in kai shi asibitin Gaya ko Allah zai sa a dace.

Da sassafe na naɗe tsumma a kariyar kekena na ɗora shi. Nauyinsa bai kai na buhun dusa ba, abin da ya sa na yi ta share ido a hanya ina cewa iska ce. Malamin asibiti ya duba shi sosai, ya ce bai ga wata cuta ba, ya ba mu ƙwayar ƙarin jini ya ce a riƙa sa shi hira. Muka yi azahar a garin, muka jira rana ta yi sanyi, bayan la'asar muka kamo hanya.

Na san ranar ce mawaƙin nan zai yi wasa a Gaya, domin malamin firamaren nan da tela sun tafi tun safe a mota ɗaya, kowa da niyyar ya kunyata ɗan'uwansa. An ce hakimi ya sa sharaɗin a gama kafin magariba, shi ya sa aka fara da rana tsaka. Ni ban sa a raina zan gani ba. Amma muna zuwa daidai filin makarantar firamare inda aka kewaye da zana, tayar baya ta yi fus. Mai gyaran keke guda, ga famfo ga sholisho a jaka, amma ƙaya ba ta san sana'ar kowa ba. Na sauke Baba na zaunar da shi a gindin wata darbejiya a jikin zanan, na kifa keke na fara cire taya.

Ba zan ɓoye muku ba, facin nan ya daɗe fiye da yadda ya kamata, domin akwai wata kafa a jikin zanan daidai idona. Na hango dandamalin katako da jan labule, manyan gari a kan kujeru a gaba, talakawa a tsaye a baya. Mawaƙin ya fito cikin wata riga mai walƙiya, muryarsa kuwa ta lasifika tana nan garau, tela ya yi ƙarya. Aka nuna kasuwa, aka nuna tashar jirgin ƙasa, shi yana waƙa suna kwaikwayo. Duk waƙar da ta ƙare sai wani mutum ya fito gefe ya ɗaga hannu a yi tafi, mutanenmu kuwa ba su saba ba, sai tafin ya fito a warwatse kamar ana korar kaji. Na waiwaya in ga ko Baba yana saurare. Idonsa a rufe, ya jingina kai da itace.

Sai aka rufe labule aka sake buɗewa, ga samari sun jeru da gajerun wanduna da garemani masu sheƙi. Wurin noman ne da ɗan jarida ya kushe. Wani saurayi ya fito da gangar noma a rataye, ya ɗaga sanda ya sauke.

Kafin kunnena ya gane kiɗan, tsigar jikina ta riga ta tashi. Taken Baba ne. Babu ragi babu ƙari, har da ɗan tsaikon nan da makaɗinsa yake yi kafin ya maimaita. Na juya, na ga Baba a tsaye. Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, ga shi a tsaye ƙyam, leɓɓansa na rawa, kafaɗunsa na karkarwa. Na ce, "Baba, zauna, wasa ne suke yi." Ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya yage zanan nan ya shiga.

Na bar keke a kife na bi shi. Ya ratsa jama'a, ya bi ta tsakanin kujerun manya, ya taka dandamali, ya fizge garmar da ke hannun saurayin farko. Sannan ya buɗe baki da muryar da na yi shekaru ban ji ba:

"Sai ni na gaban gayya! Ni ke kai kunya iyaka rana ba ta karya ba! Ƙasa ta san tafin hannuna!"

Ya ɗaga garmar ya kafta a dandamali, ta rabe biyu, domin katako ce da fenti kamar yadda aka faɗa. Mai gangar ya tsorata ya tsaya cak. Wurin ya yi tsit.

Wannan shirun shi ne abu mafi muni da na taɓa ji. Baba yana tsaye da guntun katako a hannu, tsoho ramamme cikin tsohuwar riga, yana waige-waige yana neman gangar da ta kira shi. Sai dariya ta fara tashi daga kujerun gaba. Na ji wani yana cewa mahaukaci ne, a fitar da shi. 'Yan sanda biyu suka hau dandamali, ɗaya ya kama masa hannu. Na ga kafaɗun Baba sun fara saukowa, na san in aka ja shi aka fitar a haka, a gaban mutanen Gaya da na Ajingi da na Kademi, to gawarsa zan mayar wa Inna ko da yana numfashi. Ina ta ƙoƙarin hawa, wani ya riƙe mini riga ta baya.

Mawaƙin ne ya ɗaga hannu. Ya ce wa 'yan sandan su sake shi. Ya tako a hankali cikin rigarsa mai walƙiya, ya rage tsawo a gaban Baba, kuma da yake abin magana yana hannunsa, kowa ya ji abin da suka ce.

"Baba, sannu. Kiɗan nan, ka san shi ne?"

"Takena ne."

"Naka?"

"Nawa. Wanda ya yi mini shi ya rasu. Wa ya ba ku?"

Mawaƙin ya miƙe tsaye. Sannan ya cire hularsa, ya juya ga jama'a ya ce, "Jama'a, mun kai kiɗan nan ƙasashe muna kaɗa shi ba mu san yana da mai shi ba. Yau ga mai shi ya zo." Ya dubi saurayin mai ganga ya ce, "Ba shi abinsa. Kada ka tsaya sai ya ce ya isa."

Ganga ta tashi. Wani maƙeri da ya baza kaya a bakin ƙofa, Allah ya saka masa da alheri, ya miƙo garma ta gaske aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har ta isa. Baba ya karɓa, ya jinjina ta, ya tofa yawu a tafinsa, ya diro daga dandamali. A filin ƙwallon makarantar nan ya kafa ta. Ƙasar bazara ce, busasshiya, amma ta buɗe masa. Jama'a suka dare, ya ɗauki kunya, mai ganga na binsa a baya, mawaƙin kuma ya bar waƙar da ya shirya ya koma yi masa amshi, duk abin da Baba ya faɗa a kirari sai ya ɗauka ya mayar da shi waƙa nan take. Tsofaffin da suka san Baba a gayya suka fara kiran garinmu. Wasu suka cire riguna suka bi sahu da hannu wofi suna tara ƙasa. Dokar hana liƙi ta tashi aiki, mutane suka yi ta tururuwa, mai sa a yi tafi ya rasa inda zai tsaya. Ni kuwa ina gefe ina kuka kamar yaro, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Baba bai kai ƙarshen filin ba, ƙarfinsa bai kai ba. Wajen tsakiya ya tsaya yana haki, ya ɗaga hannu, ganga ta yi shiru. Ya dube ni ya ce in ba shi ruwa. Rabon da ya nemi wani abu da bakinsa har na manta.

Bayan an tashi, mawaƙin ya sa aka kai mu bayan labule, ya shimfiɗa wa Baba darduma, shi ya zauna a ƙasa. A nan muka ji yadda aka yi. Ashe makaɗin Baba da ya je Kano ya ɗan zauna da su kafin ciwon ajali ya kama shi. Saurayin nan ya riƙa jin sa yana kaɗa wannan kiɗa shi kaɗai idan kewar gida ta dame shi, ya ji daɗinsa ya koya. Shi ɗan birni ne, bai taɓa zuwa gayya ba, ya ɗauka kiɗan noma ne kawai na kowa da kowa. Gangar da ke wuyansa ma ta marigayin ce. Baba ya karɓe ta ya daɗe yana shafa fatar, ya yi wa abokinsa addu'a, ya mayar masa.

Mawaƙin ya ba da haƙuri, ya ce idan Baba bai yarda ba zai cire kiɗan daga wasan. Baba ya ce, "A'a, ɗan nan. Kai shi duk inda za ka. Amma ka riƙa gaya musu mai shi yana nan da ransa, yana noma a Gafasa." Da na ji kalmar nan, yana noma, sai na sunkuyar da kai don kada in sake ba da kaina.

Sati bai zagayo ba sharhi ya fito, malam ya kawo jaridu rumfa yana murmushi. Wani marubuci da ya biyo tawagar ya ce wasan Gaya ya fi na Landan, kuma abin da ya fi burge shi shi ne dabarar da mawaƙin ya yi ta ɓoye wani tsohon ɗan wasa a waje ya fasa zana ya shigo, har ya ba da shawarar a ƙara wa tsohon albashi. Wani kuma ya ce an ɓata tsari, mutanen ƙauye ba su san ladabin kallon wasa ba. A rediyo wani masani ya ce abin da ya faru ya nuna kiɗanmu ba na zama a kujera ba ne. Tela ya ce ai maganarsa ce ta fito, garma ta katako ce. Malam ya ce tasa ce ta fito, mawaƙin gwani ne. Wanda ya fi kowa gaskiya a ganina shi ne hedimastan makarantar, da ya aiko a tambaya wa zai baje masa kunyar da aka yi a filin ƙwallo. Ni da ƙannena muka je muka baje, da farin ciki.

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Da asuba bayan an idar da salla na fito tsakar gida in tashi ƙannena, sai na ga Inna a tsaye a bakin rumbu da ƙwaryar iri a hannu, tana nuna mini ƙofa da haɓa. Sungumi ba ya inda yake rataye. Muka bi sawu cikin danshi har gona, muka tarar da Baba a bakin iyaka yana jiranmu. Ya ce mun makara. Sannan ya yi bisimilla ya sari ramin farko.

Ya ga kakar wannan shekarar, ya ga wasu da yawa bayanta, har ya ɗora jikokinsa a kan kunya. A kakar farko ya zaɓi damin gero mafi kyau ya ce in kai wa saurayin nan mai ganga, domin ba a kaɗa wa mutum takensa ya tafi bai ba da tukuici ba. Na ɗora shi a motar Kano na yi ta tambaya har na same su. Saurayin ya rasa yadda zai yi da damin gero a ɗakin haya, amma ya karɓa da hannu biyu. Shi ya gaya mini cewa tun daga Gaya, duk garin da suka je, kafin a kaɗa kiɗan sai mawaƙin ya tsaya ya ce wannan taken wani manomi ne a Gafasa, aro aka ba su.

Mawaƙin ya daɗe da rasuwa, masu sharhinsa ma haka, kuma har yau ban san ko wasan nasa ya gyara kiɗanmu ko ya ɓata shi ba. Wannan na bar wa masana. Abin da na koya shi ne ana gane girman mutum a lokacin da aka ɓata masa shiri a gaban jama'a, ga 'yan sanda a shirye, ga masu dariya suna goyon bayansa, amma ya zaɓi ya rage tsawo ya tambayi tsoho abin da ya kawo shi. Tun daga ranar, idan na ga wanda ake kira mahaukaci, nakan fara tambayar abin da ya kira shi. Kuma duk shekara idan na ɗauki sungumin nan na Baba zan sari ramin farko, bayan bisimilla, mutum uku nake sawa a addu'a: Baba, da makaɗinsa, da mawaƙin da ya ce a ba shi abinsa.